Kaurin sitabilaiza da gyaran ƙafar mota mai gudu: daga ina ake farawa?

Duk wanda ya fara sha'awar motarsa ta riƙa cin kwana ba tare da ta kwanta ba, tambayar farko da yake jefowa ita ce wai sitabilaiza mai kaurin mili nawa zan sa, milimita 24 ko 27? To gaskiya tambayar nan ba ta da amsa a haka, don kaurin sitabilaiza shi kaɗai ba ya nuna komai sai an san wace mota ce, ina injinta yake zaune, da ƙafar gaba take ja ko da ta baya, wane irin sifirin ne a jikinta, sannan uwa uba me motar take yi maka yanzu wanda ba ka so. Akwai motar da mili 2 kacal za ka ƙara mata a baya ta zama wata mota daban, akwai kuma wadda za ka narka mata ƙaton ƙarfe gaba da baya ƙarshe gara jiya da yau, ta koma tana tsalle a kan 'yar gargada kuma ta ƙi jin sitiyari. Don haka mu bi abin daki-daki, kuma tun yanzu ka sani sitabilaizar da ka ƙagu a kanta kusan ita ce ta ƙarshe a layi.

Aikin me sandar take yi tukuna

Ka leƙa ƙarƙashin motarka za ka ga wata sandar ƙarfe ta ratsa daga hagu zuwa dama, ita ce sitabilaiza, tsakiyarta a maƙale a jikin firem da bushin guda biyu, bakinta biyu kuma sun lanƙwasa sun zama hannaye, kowane hannu an haɗa shi da ƙafa ɗaya da ɗan linkeji. In tayoyin biyu suka hau abu ɗaya lokaci ɗaya, misali tudun rage gudu da ka hau a miƙe, tare hannayen suke ɗagawa, sandar ta juya cikin bushin ɗinta kawai, ba ta tsinana komai ba. Amma da ka shiga kwana ƙafar waje ta danne ta ciki ta saki, sai hannu ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, sandar ta fara murɗewa kamar ana matse wanki, ita kuma ta turje, wannan turjiyar tata ita ce take rage kwanciyar bodi.

Nan fa mutane da yawa suke ɗaukar abin a baibai. Zatonsu in mota ta daina kwanciya to nauyi ya daina komawa kan tayoyin waje. Ina! Nauyin da ke tashi daga ciki ya koma waje abu huɗu ne suke yanke shi, nauyin motar, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, sai ƙarfin da ka shiga kwanar da shi. Ɗauki mota mai kilo 1,300, cibiyar nauyinta rabin mita daga ƙasa, faɗinta mita ɗaya da rabi, ta shiga kwana da ƙarfin 0.9g, wato ƙarfin da ke tura ta waje ya kai kashi 90 cikin 100 na nauyinta, lissafi zai ba ka kilo 390 sun koma waje, kuma ko wace irin sanda ka ɗaura kusan 390 ɗin ne dai. Abin da sandar take da iko a kai shi ne rabo, wato nawa gaba zai ɗauka nawa baya zai ɗauka daga cikin 390 ɗin nan, kuma ɓangaren da ya fi tauri shi yake kwasar kaso mafi tsoka.

To ina ruwanmu da rabon? Ruwanmu shi ne taya ba ta ƙara riƙo daidai da yadda ake lafta mata nauyi. In ka ninka mata kaya riƙonta zai ƙaru amma ba zai ninka ba. Kenan tayoyi biyu da kowacce take ɗauke da kilo 350 sun fi riƙe ƙasa a kan biyun da ɗaya take da 600 ɗayar 100, duk da jimilla ɗaya ce. Kaga kenan ɓangaren da ka ƙara wa tauri shi ne zai riga sakin ƙasa. Ka taurara gaba, gaban ya fara turjewa, kana murza sitiyari mota tana miƙewa abinta. Ka taurara baya, bayan ya fara watsawa waje. In ka riƙe wannan, sauran bayanin duk rassa ne.

Mataki na 1: a tabbatar ƙafar lafiyarta lau

Wannan ba sai an ja shi ba. A ɗaga motar a girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, a duba bol join da tairod da bushin ɗin lowa am da mazaunin shok na sama, a duba ko shok yana yoyon mai. Sau da yawa motar da mai ita yake kukan tana kwanciya, linkejinta ne ya mutu ko bushin ɗin sandar ya cinye har sandar tana wasa a ciki, sai bodi ya riga ya kwanta kafin ma sandar ta fara kamawa. A canja waɗannan tukuna a sake tuƙawa, wani ma daga nan zai ce alhamdulillahi ya haƙura.

Mataki na 2: taya

Babu wani ƙarfe da za ka sa a ƙafar mota da zai ba ka abin da taya mai kyau za ta ba ka, wannan kam ba na ko tantama. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen tayar, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 sati na 23 kenan a 2019. Tayar da ta haura shekara 6 ko zanenta bai cinye ba robar ta fara bushewa. Sannan kar ka haɗa iri daban-daban gaba da baya kana son ka gane halin mota, ƙarya za ta yi ta yi maka.

Dalilin da ya sa taya take riga sanda kuma shi ne, taya mai kama ƙasa sosai tana sa mota ta ƙara kwanciya ne ba ragewa ba, tunda yanzu da ƙarfi za ka riƙa shiga kwana. In ka zaɓi sanda a kan tsohuwar taya, ranar da ka sa irin tayoyin nan na zuwa filin tsere masu lambar jure cinyewa 200 a gefensu sai ka ga lissafin duk ya rushe.

Mataki na 3: ka gano halin motar

A nemi fili rufaffe, filin tsere ko wani fegi mai faɗi da aka ba ka izini, ba kan titin jama'a ba don Allah. Ka zana da'ira a ranka ko ka jera mazugai, ka shiga a giya ta biyu ka riƙe sitiyari wuri ɗaya kana ƙara wuta a hankali a hankali. In da'irar ta fara buɗewa, sitiyarin ya yi sakayau a hannunka, tayoyin gaba suna kuka, gaba ne ya saki. In kuma ka ji kujerarka tana zamewa waje hancin motar yana shigewa ciki da kansa har sai ka mayar da sitiyari, baya ne. Ka yi ta hagu ka yi ta dama, sannan ka gwada sakin totur farat ɗaya a tsakiyar da'irar ka ji me bayan zai yi, don wannan gwajin shi zai nuna maka sauran filin da kake da shi kafin ka taɓa sandar baya.

Kusan duk motar da ta fito daga kamfani turjiyar gaba za ka samu, kuma da gangan aka yi ta haka, saboda direban da ya tsorata ɗaga ƙafa yake yi daga totur, wannan kuwa yana gyara turjiyar gaba amma yana ƙara rura watsin baya. Tarihi ma ya nuna, Chevrolet Corvair ta 1960 zuwa 1963 injinta a baya yake kuma ba a sa mata sandar gaba a matsayin kayan asali ba, ta yi ƙaurin suna wajen watsa baya, sai a 1964 aka sa wa dukkansu.

Abu ɗaya kuma, kuma na san ba kowa zai so ji ba, rabin turjiyar da mutane suke ɗora wa mota shiga kwana da gudun da ya wuce kima ne. Wannan babu sandar da take maganinsa.

Mataki na 4: shok da sifirin

Sifirin yana aiki ko'ina, a kwana, a birki lokacin da hanci ke nutsewa, a tashi lokacin da baya ke zama. Sanda kuwa sai ƙafafun biyu sun saɓa take motsi. Shi kuma shok ba ya yanke iyakar kwanciyar, saurinta yake sarrafawa, shi ya sa mota mai mataccen shok za ka ji ta faɗa gefe lokaci ɗaya ta dawo ta sake lilo. Tunda sifirin ma yana da nasa kason a taurin kwana, dole a gama da shi kafin a zaɓi sanda, in ba haka ba sau biyu za ka saya.

In motar ta yau da kullum ce da kake ɗan son ta ƙara kama jikinta, shok mai kyau a kan sifirin na asali ya isa, irin su Bilstein B6, ko Koni Sport mai ruwan ɗorawa wanda ake iya murɗa taurin dawowarsa. In za ka sauke motar da sifirin irin na Eibach ko H&R, to ka haɗa shi da shok ɗin da aka yi don gajeren sifirin, Bilstein B8 misali, kar ka ɗora sabon sifirin mai tauri a kan gajiyayyen shok, tsalle kawai za ka saya. Saukewa kuma mili 25 zuwa 35 ya wadatar a yawancin motoci. Wuce nan matsala biyu ce take jiranka, ta farko tazarar da ta rage wa shok ta ƙare motar ta riƙa zama kan robar tsayawa a tsakiyar kwana, tauri ya yi tsalle lokaci ɗaya taya ta saki, ta biyu kuma a ƙafa irin ta MacPherson, wato wadda shok da sifirin suke haɗe a tsaye su ne ke riƙe saman taya, da zarar lowa am ya karkata har bol join ya fi mazaunin ciki tsayi, cibiyar da bodi ke juyawa a kanta ta faɗi ƙasa fiye da yadda cibiyar nauyi ta sauka, sai ka ga motar ta yi ƙasa ta yi kyau a hoto amma son kwanciyarta ya ƙaru. Ka durƙusa ka kalli lowa am ɗin motar tana tsaye a ƙasa, a kwance ake son ganinsa ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya.

Koilova kuma, wato shok da sifirin a haɗe masu saiti, in da gaske filin tsere kake zuwa, KW ko Öhlins ko Tein da ire-irensu suna ba ka damar saita tsayi da tauri har a auna nauyin kowace kusurwa a kan sikeli a daidaita, a nemi gaban dama da bayan hagu su ba da rabin nauyin motar. Amma ni dai a ganina shok mai kyau marar saiti ya fi koilova mai araha da ke alfahari da saiti 32 alhali na hagu da na dama ma ba su yi daidai da juna ba. Wajen duba taurin sifirin ka lura da ma'auni, kilo 1 a kan mili daidai yake da kusan fam 56 a kan inci, kamfanonin Japan sun fi amfani da na farko na Amurka da na biyu, kar lamba ta ruɗe ka.

Mataki na 5: lissafin kauri

Yanzu muka zo wurin. Ka fara auna wadda ke jikin motar da kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, a miƙaƙƙen wuri kusa da bushin ba a lanƙwasa ba, ka goge datti da tsatsa tukuna, don mota iri ɗaya ma tana zuwa da sanda daban-daban gwargwadon samfuri da kasuwar da aka kai ta.

Taurin murɗewar sanda yana tafiya ne da kaurinta an buga shi a kansa har sau huɗu. Sanda mai mili 22, 22 sau 22 sau 22 sau 22, ya ba ka 234,256. Mai mili 24 ya ba ka 331,776. Raba na biyu da na farko ka samu 1.42, wato mili 2 ɗin nan da ido ma da kyar yake gani sun ƙara tauri da kashi 42 cikin 100. Daga 22 zuwa 23 kashi 19 ne, zuwa 25 kashi 67. Daga 20 zuwa 24 ya ninka har da ɗoriya. A ƙananan sanduna kuwa abin ya fi tsanani, Integra GS-R ta shekarun 1990 sandar bayanta mili 14 ce, ta Type R kuma 22, in ka buga lissafin kauri kaɗai ninki shida ne. Shi ya sa masu ɗaukar sandar Type R su ɗaura wa ƙananan Civic da Integra suka sha fama da yagewar firem ɗin baya inda maƙalin yake, har ya zama sai an haɗa da farantin ƙarfafawa, tunda kamfani bai yi wurin don ya ɗauki wannan ƙarfin ba.

Sai dai kar ka ɗauka kashi 42 a sanda shi ne kashi 42 a motar. In a ce sandar rabin taurin wannan ɓangaren take bayarwa sifirin yana ba da rabi, ƙarin ya koma kashi 21. Wannan ne dalilin da mota mai laushin sifirin take jin canjin sanda sosai, mai koilova mai tauri kuma ba ta cika ji ba.

Sannan akwai mai rami a ciki. Ƙarfen tsakiyar sanda kusan zaman banza yake yi wajen murɗewa, na bakin waje ne ke shan wahala, don haka ake yin ta kamar bututu. Lissafinta, ka buga na waje a kansa sau huɗu ka cire na ramin shi ma an buga shi a kansa sau huɗu. Mai mili 25 da bango mili 4, raminta 17 kenan, 390,625 a cire 83,521 saura 307,104, daidai da cikakkiyar sanda mai kusan mili 23.5, amma ta fi ta sauƙin nauyi da kusan kashi 40. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka 27 ce, tambaye shi cikakkiya ce ko mai rami, in mai rami ce bangon mili nawa, in bai sani ba to bai gaya maka komai ba.

Tsawon hannu shi ma babba ne. Gajeren hannu ya fi tauri, kuma ƙarin yana tafiya kusan da ninkin bambancin a kansa, hannu mai mili 200 ka matsar da linkeji zuwa 180 ka samu ƙarin wajen kashi 20 da 'yan kai. Ramuka biyu ko uku da kake gani a bakin sandunan Whiteline ko Hotchkis ko Eibach aikinsu kenan, ramin bakin ƙarshe shi ne mafi laushi, na ciki mafi tauri, kuma ana iya sa hagu a rami ɗaya dama a na kusa da shi a samu tsaka-tsaki. Na ƙarshe, ina linkejin ya kama? In a jikin shok ya kama, kusan duk motsin taya yana isa ga sandar. In a tsakiyar lowa am ne, rabin motsin ne yake isa, kuma a wajen taya kwata ɗin taurin kawai ake ji, tunda shi ma ninka kansa yake. Wannan ya sa kwatanta sandar motarka da ta wata mota daban ɓata lokaci ne, 19 a wata motar ta fi 25 a wata ƙarfi. Da sandar asali ta motarka kawai za ka kwatanta.

Mataki na 6: gaba ko baya ko duka

Mota mai ja da gaba, wajen kashi 60 na nauyinta yana gaba, tayoyin gaba su ne ja su ne juyawa su ne yawancin birki. Nan da baya ake farawa, a bar gaba yadda yake. In ka sa ƙatuwar sanda a gaba za ta riƙa ɗage tayar ciki a fitar kwana, ka taka wuta tayar ta yi ta juyawa a banza in dai difarenshal ɗinka ba mai kullewa ba ne, wato mai hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai. Sandar baya kuwa tana kwashe kason nauyin zuwa baya ta bar tayoyin gaba a daidaice, har ka ga tsofaffin Golf GTI suna ɗaga tayar baya ta ciki sama a kwana, wannan ba ciwo ba ne, amma alama ce bayan ya ba da iyakar abin da zai iya, duk ƙarin da za ka yi bayan nan ba zai ƙara komai ba. In ƙafar bayanka irin mai gungumen ƙarfe ɗaya ce da ya haɗa tayoyin biyu, ka sani gungumen kansa sanda ne, wadda za ka ƙara a kansa ƙarama ta isa.

Mai turawa da baya akasin haka ne. Tayoyin baya kake lallaɓawa don su ne za su fitar da kai daga kwana, don haka gaba ke ɗaukar babbar sanda baya ya zauna da ƙarama, in ka cika taurin baya tayar ciki ta yi sakayau ka kasa sa wuta. Mai inji a baya irin Porsche 911 ma ita tayar gaba ta ciki za ka ga tana ɗagawa. Masu ja da ƙafa huɗu da aka gina kan tsarin inji a gaba, irin su Subaru WRX, yawanci halin masu ja da gaba suke nunawa, da baya ake fara lallashinsu.

Akwai togaciya ɗaya da take rikita mutane. A mota mai MacPherson da laushin sifirin, in bodi ya kwanta sosai tayar waje tana kifewa kan kafaɗarta, rabin tafinta ne kawai a ƙasa. A irin wannan halin ƙara sandar gaba yana iya ƙara wa gaban riƙo, don ribar miƙar da tayar ta fi asarar rabon nauyi. Duba kafaɗar tayar gabanka, in ta cinye har rubutun gefe ya fara gogewa to kana cikin wannan layin.

Nawa za a ƙara? Shawarata ga motar titi, ka tsaya tsakanin mili 2 zuwa 3 sama da ta asali, kuma ka sayi mai ramuka. In halin motar ya yi maka kwanciyar ce kawai ba ka so, ka ƙara gaba da baya da kaso kusan ɗaya don rabon ya zauna yadda yake, nan saitin da kamfani ɗaya ya haɗa gaba da baya yake da amfani. Kuma ka san abin da za ka biya, ba kuɗi nake nufi ba, duk ramin da taya ɗaya ta faɗa yanzu sandar za ta kai wa ɗayar labari, kanka ya riƙa kaɗawa hagu da dama, kuma a hanya mai gargada taya tana iya barin ƙasa. Shi ya sa ma Jeep Wrangler Rubicon take da maɓallin cire sandar gaba in an shiga duwatsu.

Mataki na 7: ɗaurawa

Ta baya yawanci aikin awa ɗaya ne ko biyu, ta gaba a motoci da yawa sai an sassauta firem ɗin ƙasa an sauke shi kaɗan, wanda ke nufin alaimen dole bayan an gama. Kafin a cire tsohuwar a ɗauki hotonta, don ana ɗaura sanda a kife ba a sani ba. Bushin ya zama na daidai kaurin sabuwar, in na foliyuretan ne a shafe cikinsa da giris ɗin da ya zo da shi ko mai silikon, in ba haka ba ƙiiƙii ɗin da zai riƙa yi sai ya gundure ka, kuma lokaci-lokaci sai an sake shafawa.

Linkeji kuma a ɗaure shi motar tana zaune a kan tayoyinta a wuri mai daidai, a kan ramin gareji ko lif mai ɗaukar taya, ba tana rataye ba. Ana son hannun sandar ya kwanta kusan daidai da ƙasa, linkejin ya tsaya kusan a miƙe a kansa. In ka sauke motar, linkejin asali zai iya yin tsawo ko gajarta, sai a sa mai saiti, a ɗaure gefe ɗaya, ɗaya gefen a yi ta murɗa tsawonsa har kusar ta shige ramin da hannu ba dole, in ma son samu ne da mutum mai nauyinka zaune a kujerar direba. In aka danna ta da ƙarfi ta shiga, sandar ta riga ta murɗe tun mota tana tsaye, sai ka ji kwanar hagu daban ta dama daban ka rasa dalili. Duk wani bushin na roba da aka kwance a lowa am shi ma a ƙasa ake ƙarasa ɗaure shi, da sifana mai auna ƙarfi, a kan lambar da littafin motar ya faɗa. A ƙarshe a murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a duba ko sandar ko linkejin na taɓa tiyon birki, wayar ABS, shaf ko salansa, bayan 'yan kwanaki ana hawa kuma a sake bin notocin. Wasu ƙasashen suna da doka a kan irin wannan canji, a Jamus misali sai kayan suna da takardar amincewa ko masu gwajin motoci na TÜV su duba, kamfanin inshora ma a wurare da yawa yana son a sanar da shi.

Mataki na 8: alaimen, sannan saiti

Kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, ita ce abin da ake mantawa alhali sau tari ita ce ainihin maganin turjiyar. Ga motar titi mai ɗan zafi, digiri 1 zuwa 1.5 saman tayar ya karkata ciki a gaba, ga filin tsere 2 zuwa 3. Bakin tayoyin gaba a bar su a miƙe ko kusa da haka, na baya su ɗan kalli ciki kaɗan, kar ka yarda na baya su kalli waje a motar titi, balle ka haɗa da sabuwar sanda mai tauri.

Sai ka koma filin nan da sandar a rami mafi laushi, iskar taya iri ɗaya da ta ranar gwajin farko, ka maimaita da'irar da sakin totur. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a rubuta, a sake gwadawa. Ka lura kuma a ina cikin kwanar matsalar take. In a daidai lokacin da ka karya sitiyari ne na ɗan sakan ɗaya, wannan yawanci aikin shok ne ko yadda kake sakin birki. In a tsakiyar kwana ne bayan mota ta zauna, wannan na sanda ne da sifirin da kamba. In a fita ne kana kan wuta, duba difarenshal da sandar ɓangaren da ke ja kafin komai. Kuma in gaba na turjewa ba dole sai ka ƙara baya ba, sassauta gaban ma hanya ce, sau da yawa ma ita ta fi don riƙo kake ƙarawa maimakon ka rage na wani ɓangaren. In kana da na'urar auna zafin taya, auna ciki da tsakiya da waje da zarar ka tsaya, waje ya fi zafi kamba ta yi kaɗan, tsakiya ya fi zafi iska ta yi yawa.

Saitin da ya yi maka daɗi a busasshen fili a giya ta biyu fa ba shi ne zai yi daɗi a gudun 120 cikin ruwan sama ba, don watsin baya ƙaruwa yake da gudu, kuma a jiƙaƙƙiyar hanya ba ya sallama kafin ya zo. In motar titi ce, ka nemo ramin da ka ji ta daidaita a fili sannan ka koma baya da rami ɗaya a sandar baya kafin ka hau hanya, na'urar hana zamewa kuma ka bar ta a kunne.